Zakaran Auta

Mai Fanka ba fanka yake sayarwa ba. Aikinsa na cin abinci a wani ɗakin buga takardu yake, inda yake wuni yana gyara wa mutane rubutu. Sunan daga kwamfutar ɗakinsa ya samo shi, wadda ya cika wa ciki da fankoki har in ya kunna ta sai matarsa ta ɗaga murya kafin ya ji tana kiransa. Shi da wasu abokansa ciwonsu ɗaya: su sayi furosesa mai araha, ɗan ƙarfen nan da bai wuce faɗin kwalin ashana ba amma shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, su ƙara masa wuta, su matsa masa har ya yi gudun da masu ƙera shi ba su yi alkawari ba. Suna da guruf a waya. Duk wanda ya ƙure nasa sai ya ɗauki hoton sakamakon ya tura, a yi masa kirari ko a yi masa dariya. Mai Fanka dai dariyar aka fi yi masa. Shekara da shekaru sunansa na can ƙasa, maƙwabcin wani da ake kira Tokar Murhu saboda yawan furosesan da ya ƙona.

A gidansu kuwa sarki ne. Ko rimot ne ya ƙi aiki, Mama cewa take kada kowa ya taɓa, a jira shi.

To, ƙanwarsa Auta ta koyi zanen gidaje a kwamfuta, kuma wani ofishin masu zanen gine-gine ya ce zai gwada ta. An ba ta zanen wani gida ta mayar da shi bidiyo, yadda mai gidan zai ga kamar yana tafiya cikin ɗakunansa tun ba a aza tubali ba. In aikin ya yi kyau kuma ya zo kan lokaci, an ɗauke ta. In ba haka ba, akwai wasu a layi. Irin wannan aiki, bayan an gama haɗa shi, sai an bar kwamfuta ta yi awoyi tana dafa shi, haka masu sana'ar suke cewa, kuma in ta mutu a tsakiyar dahuwa an koma farko. Tsohuwar kwamfutar Auta ko ruwan zafi ba za ta iya dafawa ba. Don haka ta tattara ɗan abin da ta tara, ta kira yayanta ya raka ta kasuwar kayan kwamfuta.

Mai shagon ya zaro kwalaye ya jera a kan gilashi. Iri biyu ne aljihunta zai iya, kuma bambancin farashinsu bai taka kara ya karya ba. Ɗaya a kulle yake, gudun da aka yanka masa shi zai yi har ya tsufa, ba ya zafi, ba ya rigima. Ɗayan a buɗe yake, ana iya matsa masa.

“Yaya, wanne?” in ji Auta.

Ai kuwa ta taɓo masa inda yake yi masa ƙaiƙayi. Mai Fanka ya gyara tsayuwa, ya yi jawabin da har mai shagon ya nemi kujera. Na kulle na malalata ne. Na buɗe, in ya shiga hannun wanda ya san kansa, zai kamo manyan da suka ninka shi tsada. Har lambar gudun da zai kai mata shi sai da ya faɗa, ya maimaita, ya sa ta ta faɗa da bakinta. A gaskiya ba ƙarya ya shirga ba, na buɗen zai iya aikinta. Shi ma ya daɗe yana haƙon irinsa, sai ya ce a ba su guda biyu.

Kwalayen iri ɗaya ne sak, sai dai ɗaya ya ɗan lotsa a kusurwa. Auta ta miƙa hannu ta ɗauki lotsattsen.

“Kai ne babba, ɗauki mai kyan,” ta ce tana dariya. “Ni abin ciki nake so.”

Ta ba shi nata ya tafi da shi gidansa, tare da sauran kayan, ya haɗa mata.

Ranar hutunsa da hantsi ya share tebur, ya fara da nasa. Ya dasa shi a babban allon cikin kwamfutarsa, ya ɗiga masa man nan mai launin toka da ke kwashe zafi, ya ɗaura ƙarfen sanyaya da fankarsa, ya kunna. Ya fara ƙara gudu kaɗan-kaɗan. Bai yi nisa ba furosesan ya fara haki. Ya ƙara wuta, zafi ya tashi, fuskar kwamfutar ta yi shuɗi, komai ya tsaya. Ya yi tsaki. Rago ne, irin wanda ya saba samu.

Sai ya cire, ya dasa na Auta, don dai ya tabbatar lafiyarsa ƙalau.

Ya ƙara gudu, furosesan bai ko tanka ba. Ya sake ƙarawa. Ya wuce lambar da ya yi alkawari a shago, ya wuce inda nasa ya faɗi, zafi na nan inda yake kamar ba shi ake matsa wa ba. Mai Fanka ya ture kofin shayinsa gefe. Ya ƙara, ya ƙara, har ya wuce lambar wanda ke saman guruf ɗinsu, wani mai baki da ake kira Janar. Abin yana tafiya sumul.

'Yan wannan harka sun san abin da sauran mutane ba su sani ba: furosesa biyu za su fito daga masana'anta ɗaya, suna ɗaya, lamba ɗaya, amma ciki ɗaya ba hali ɗaya ba. Can ba a rasa ba akan dace da wanda ya fi 'yan uwansa nesa ba kusa ba, suna kiransa zakara. Ba a gane shi da ido, ba a sayensa da gangan, rabo ne kawai. Mai Fanka bai taɓa riƙe zakara a hannunsa ba sai ranar, kuma daga lotsattsen kwali ya fito.

Ya daɗe yana kallon ƙarafan biyu a kan farar takarda. Ya ce wa kansa Auta ba tsere za ta yi ba, zane za ta yi. Ya ce zakara a hannun wanda bai san shi ba asara ne. Ya ce ai shi ya kai ta shagon. Duk ɓarawo da hujjarsa, nasa har sun yi masa yawa. Ya ɗauki ragon ya dasa a kwamfutar ƙanwarsa.

Matarsa, wadda ta shigo ɗaukar kofi, ta tsaya a bayansa.

“Injiniya, ba wancan ka ciro daga kwalin Auta ba?”

“Duk ɗaya ne.”

“In duk ɗaya ne, me ya sa ka canja?”

“Ke me kika sani a harkar nan? Kullum sai kin shigo kin tayar mini da ƙura a kan kaya!”

Ta dube shi, ta ɗauki kofinta ta fita. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ta san wannan tun ba yau ba.

Da ma a nan ya tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Da ya bar ragon a gudunsa na asali, da ya dafa wa Auta aikinta a hankali, lafiya lau. Amma ya riga ya cika baki da lamba, har ya sa ta haddace. In ta duba ta ga ba ta kai ba, me zai ce? Sai ya ɗura wa ragon wuta, ya tura shi da ƙarfin tsiya har ya taɓa lambar. Ƙa'idar guruf ce, kuma shi ma yakan yi wa sababbin shiga wa'azi a kanta, cewa bayan an matsa wa furosesa sai an bar shi wuni guda yana ɗaukar kaya mai nauyi a ga ko zai jure. Mai Fanka ya bar shi gwargwadon shan shayi, ya ga bai faɗi ba, ya kashe ya ɗaure murfi. Hankalinsa na kan zakara.

Da yamma ya tura hoton sakamakonsa. Guruf ya kama da wuta. Janar ya ce ƙarya ce, aka sa Mai Fanka ya sake gwaji yana ɗaukar bidiyo, Janar ya sallama. Tokar Murhu ya rubuta masa kirari mai tsawo. Mai Fanka ya karanta komai ya sake karantawa, yana jira daɗin ya sauka a zuciyarsa yadda ya daɗe yana zato. Ya ɗan sauka, amma da wani abu a ƙarƙashinsa kamar tsakuwa a takalmi.

Auta ta yi kwanaki tana haɗa aikinta, kwamfuta ba ta ba ta matsala ba, don haɗawa ba shi ne mai nauyi ba. Ana gobe za ta miƙa ta ɗora dahuwa. Mai Fanka na wurin aiki, rana tsaka, wayarsa ta yi ƙara.

“Yaya, don Allah ka yi haƙuri.” Auta ce. “Ina jin na lalata maka aikinka.”

“Me ya faru?”

“Tana kai rabi sai ta yi shuɗi ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. Tun safe nake yi. Jiya na goge ta da tsumma, kuma na ɗan matsar da ita kusa da taga. Ko shi ne? Ka ce kada in motsa ta, na manta wallahi.”

Bai taɓa cewa kada ta motsa ta ba. Ita ce ta ƙirƙiro laifin don ta ba shi mafita, ba ta ma san ta yi ba. Ya tsaya riƙe da waya a tsakiyar ƙarar injin buga takardu, kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa.

“Kada ki taɓa komai,” ya ce. “Ga ni nan.”

Ya biya ta gida, ya kwance kwamfutarsa, ya naɗe zakaran a takarda ya sa a aljihun gaba. Shirinsa mai sauƙi ne: ya aiki Auta ta kawo masa wani abu, kafin ta dawo ya musanya, ya ce wata waya ce ta saki. A bar kaza cikin gashinta.

Ya tarar da ita a ɗakinta idanu sun kumbura. Ta riga ta kira ogan ofishin ta roƙi a ƙara mata yini ɗaya, ya ƙara, amma sai da ya tambaye ta ko haka za ta riƙa yi in an ɗauke ta. Mama na bakin ƙofa tana faɗa.

“Yayanki ya bar hutunsa ya haɗa miki abu, ke kuma hannunki ba ya zama wuri ɗaya. Yanzu ga shi kin taso shi daga wurin aiki.”

“Mama, ba laifinta ba ne,” in ji shi, kansa a sunkuye.

“Kullum kana kare ta, shi ya sa.”

Ya kwantar da kwamfutar, ya fara kwance murfi. “Auta, kawo mini ruwa.”

“Mama, don Allah miƙo masa,” ta ce, ta kunna fitilar wayarta ta durƙusa kusa da shi. “Ni zan haska maka.”

Ya ce ta nemo masa tsumma, ta zaro daga ƙarƙashin tebur ba ta ko tashi ba. Dabara ta ƙare. Ya cire ƙarfen sanyaya, ya ɗaga ragon, ya sa hannu a aljihu ya warware takardar a gabanta.

“Wannan fa?”

“Na kwamfutata ne,” ya ce. Maganar ta fito da kanta, kuma rabinta gaskiya ce, abin da ya fi ƙona shi ke nan. “Ki yi aikinki da shi.”

Auta ta san labarin zakara, don ya cika musu kunne da shi a gida, bai dai faɗi daga wane kwali ya fito ba. Ta dafe baki. “Yaya, zakaran naka? Wanda ka kayar da Janar da shi?”

Mama, da ta dawo da kofin ruwa, ta ji. Ta ajiye kofin ta ɗaga hannu sama. Ta yi masa addu'ar da bai taɓa jin irinta ba. Allah ya yi masa albarka, ya ba shi masu yi masa, tunda ya cire na jikinsa ya ba ƙanwarsa, a zamanin nan da wa ke cinye ƙani. Auta tana amin tana hawaye. Shi kuwa yana ɗaure sukurori, yana jin kowace amin kamar mari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da ƙasa za ta tsage da ya shige, har da sukudirebansa.

Zakaran ya dafa aikin tsaf ko gumi bai yi ba. Auta ta miƙa, aka kalla, aka ɗauke ta. Kafin mako ya zagayo Mama ta gaya wa duk dangi, har da waɗanda ba su san mene ne furosesa ba. Wata gwaggonsu ta kira shi ta waya takanas don ta sa masa albarka. Matarsa tana jin kiran, ta ci gaba da ninke kayan yara ba ta ɗago ba. Ya daina buɗe guruf. Abinci ma tsakura yake ya ture.

Ranar hutu da safe sai ga motar haya a ƙofar gida. Auta ta fito rungume da kwamfutarta, ta shigo da ita har ɗakinsa, ta dire a kan tebur tana haki.

“Na gama da shi, Yaya. Cire abinka ka mayar mini da nawa. Ka rage masa gudun kawai, zan yi haƙuri da shi.”

“Ki bar shi mana.”

“A'a wallahi. Shekara nawa kana neman irinsa? Ba ni zan raba ka da shi ba. In ba ka cire ba, ba zan tafi ba.”

Ya san halinta, in ta kafe ta kafe. Ya ɗauki sukudireba. Ya cire murfi, ya cire fanka, ya goge man, ya ɗaga 'yar sakatar da ke riƙe da furosesan. Zakaran ya dawo tafin hannunsa, da ɗan ɗuminsa. Ga kwamfutarsa can a buɗe tana jira. Auta tana murmushi, tana jin daɗin ta yi abin kirki. Wannan murmushin ne ya kasa ɗauka.

“Naki ne,” ya ce.

“Yaya, na ce maka ba zan karɓa ba.”

“Ba kyauta nake ba ki ba. Naki ne tun daga shago. Daga lotsattsen kwalin ya fito. Na gwada su, na ga naki ya fi, na canja. Wanda ya yi ta mutuwa a hannunki nawa ne, kuma ni na matsa masa fiye da ƙarfinsa don kada ki gane.”

Murmushin bai tafi lokaci ɗaya ba, a hankali ya janye. Ta dubi ƙarfen, ta dube shi. Ba fanka ko ɗaya da ke juyawa a ɗakin.

“Ranar da na kira ka ina ba ka haƙuri,” ta ce, “ka sani?”

“Na sani.”

“Da Mama take yi mini faɗa?”

“Na sani.”

Ta gyaɗa kai. Ya so ta yi ihu, ta zage shi, ta kira shi ɓarawo, ko ya samu abin da zai riƙe. Ba ta yi ba.

“Kada ka gaya wa Mama,” ta ce. “Ta riga ta gaya wa kowa. Ba kai kaɗai za ka ji kunyar ba.”

Ya matsa zai mayar da furosesan mazauninsa. Ta tare shi da hannu, ta buɗe tafinta. Ya ɗora mata.

“Ba ni sukudireban ma. Ka faɗa mini da baki, ni zan mayar.”

Ya miƙa mata. Ya koma gefe, ya haɗa hannuwansa a baya kamar ɗan makaranta. Ya ce ta nemi 'yar alamar da ke kusurwa ta daidaita da ta allon, kada ta danna, ta bar shi ya zauna da kansa. Ta yi. Ya ce man kaɗan ake ɗigawa, kamar ƙwayar wake. Ta ɗiga.

Da ta zo ɗaure fanka, cikin kwamfutar ya yi mata duhu, ta kasa ganin ramin sukurun. Ya yi sauri ya zaro wayarsa ya kunna fitila. Ba ta kalle shi ba. Ta juya wajen ƙofa, inda matarsa ke tsaye tun ɗazu.

“Anti, don Allah zo ki haska mini.”